Gonar Inna ce ta kai ni karatun lauya

Assalamu alaikum. Ɗalibaina sun sha tambayata, wai Malama me ya sa duk lakcar da kika shiga, ko ta dokar filaye ce ko ta muhalli ko ma ta tsarin mulki, sai kin kewaya kin kewaya kin dawo kan gona da mata? Nakan ce musu labari ne mai tsawo, toh yau dai nace bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, ko Allah zai sa wata da ke cikin irin halin da muka shiga ta karanta ta san inda za ta dosa.

Ni 'yar ƙasar Argungu ce, wani ƙauye a bakin fadama, inda idan damina ta yi kyau sai ka tsaya a tudu ka hangi shinkafa kore shar har inda idonka ya ƙare. Mu uku ne a wurin babanmu kuma duka mata, ni ce babba. Allah bai ba shi ɗa namiji ba kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi a kan haka ba ko sau ɗaya. Yana da gonaki uku, biyu a tudu na gero da dawa da wake, ɗaya a fadama, kuma ita wannan ta fadamar ita ce ran gidanmu. Ya rasu a shekarar da aka cire Kebbi daga jihar Sakkwato, 1991, ina tuna ana ta murnar sabuwar jiha a rediyo mu kuma muna zaman makoki, ina da shekara sha biyu.

Da Inna ta fita takaba, wata huɗu da kwana goma, babu wanda ya ta da maganar rabon gado. Ƙanen babanmu, Baffa, shi kaɗai ne ɗan'uwansa da ya rage don iyayensu sun riga sun rasu, ya zo ya zauna a zaure aka kira Inna ta tsaya daga bayan ƙyaure, yace "ɗiyan ga ƙanana na, kuma mata na, wa za ya yi musu noma? Ni za ni riƙe gonakin amana, duk abin da anka samu ku ci." Inna tace Allah ya saka da alheri. Shikenan fa. Ba takarda, ba shaida, ba liman, ba a auna komai ba.

Kuma ina so in faɗi gaskiya tsakanina da Allah, Baffa ba mugun mutum ba ne. Shi ya yi wa ƙannena kayan ɗaki da suka tashi aure, ranar da Inna ta kwanta ciwo shi ya ɗauko mota. Abin da ya faru dai shi ne abin da ke faruwa a kusan kowane gida, shekarar farko buhu goma na shanshera ya aiko mana, bayan shekara biyu ya koma shida, 'ya'yansa maza suka girma suka yi aure suna buƙatar inda za su noma, sai ya koma uku, daga baya ya zama idan an yi girbi a aiko yaro da abin da ya sawwaƙa ace gashi inji Baffa, mu kuma mu tafi mu durƙusa mu yi godiya. A hankali a hankali har mu kanmu muka fara ce mata gonar Baffa.

Inna da turara shinkafa ta riƙe mu. Ta sayi shanshera a kasuwa, ta jiƙa ta kwana, da asuba ta ɗora tukunya ta turara, a shanya a tabarma muna korar kaji da awaki, a kai inji ko mu surfa a turmi idan babu kuɗin inji, ta sheƙe ta auna a kwano ta ba yara su kai kasuwa. Hayaƙin icen nan shi ya cinye mata ido, kafin ta kai hamsin ba ta iya zura zare a allura. Abin da ya fi tsaya min a rai har yau, wani lokaci shinkafar da take saye da kuɗinta daga gonar mijinta ta fito.

Ina aji uku a makarantar kwana ta 'yan mata aka koro mu kan wasu 'yan kuɗi, na dawo gida na tarar babu, sai bakina ya suɓuce nace Inna wai ba gonar babanmu ba ce Baffa ke nomawa? Inna ba ta faɗin sunana saboda ni ce 'yar fari, tace "ke wagga, kada in ƙara jin wannan magana ga bakinki." Ta shiga ɗaki ta ɗauko tasoshinta biyu na aure ta bayar aka sayar. Na koma makaranta ban ƙara tayar da maganar ba, amma ba ta bar ni ba.

Da Allah ya sa na samu shiga jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato karatun shari'a, mutanen garinmu da yawa ba su so ba, a wurinsu lauya shi ne mai maida ƙarya gaskiya, balle kuma mace. Wani dattijo har gida ya zo yace wa Inna ta bari in yi malamar asibiti ko ta makaranta ya fi mutunci. Lokacin kuma ƙasar ta ɗau zafi, Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a ƙarshen 1999 sauran jihohi irin tamu suna biyo baya, kullum a hostal gardama ake yi har dare. Mu kwas ɗinmu haɗe yake, dokar da muka gada daga Ingila a gefe ɗaya, fiƙihun Malikiyya a ɗaya gefen.

Ranar da rayuwata ta juya, a darasin gado ne. Malaminmu, Allah ya jiƙansa, ya rubuta misali a allo: mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya mata uku, da ɗan'uwa shaƙiƙi ɗaya. Wallahi sai da na waiga don gani nake kamar wani ya ba shi labarin gidanmu. Yace a kasa dukiyar kashi 24, matar tana da tumuni wato kashi 3, 'ya'ya mata suna da biyu bisa uku wato kashi 16, abin da ya rage kashi 5 shi ne na ɗan'uwan. Na rubuta 3, 16, 5 a littafina na zura musu ido. Kashi 19 cikin 24 namu ne da Inna. Ayoyin kuma ba ɓoyayyu ba ne, suna nan a farkon Suratun Nisa'i, aya ta 7 da ta 11 da ta 12, na haddace su tun a makarantar allo, Inna ma tana jin ana karanta su a tafsirin azumi duk shekara, amma babu wanda ya taɓa zama ya ce mata wannan ayar fa da ke take, ga iyakar abinki a cikin fadamar can.

Bayan 'yan makonni muka shiga babin hauzi, nan kuma tsoro ya kama ni. Ga wanda bai sani ba, hauzi shi ne mutum ya daɗe yana riƙe da abu yana amfani da shi kamar nasa, mai abin yana gari yana gani, babu abin da ya hana shi magana kuma bai yi ba. A mazhabarmu idan bare ne ya kai shekara goma a haka, toh ba a ƙara sauraron da'awar mai abin, idan kuma dangi ne ana tsawaitawa har wajen shekara arba'in saboda an san akwai kara tsakanin 'yan'uwa. Abin da aka bayar aro ko jingina ko amana hauzi ba ya cinye shi, amma fa sai kin iya kawo shaidar cewa amanar ce, mu kuma shaidarmu ƙyauren zaure ne kawai. Na zauna ina ƙirga shekaru da yatsu. A ranar na gane cewa kunyar nan da ake yabon matanmu da ita, shirun nan na "ba komai ai ɗan'uwa ne", a gaban alƙali yana iya zama hujja a kanki.

Da hutu na dawo da zumuɗina da littafina na zauna na yi wa Inna lissafi dalla dalla. Ta saurare ni har na gama sannan tace "to na jiya. Amma ni ba ni kai ƙanen ubanku gaban alƙali, shi ya tsaya muna sa'ad da munka rasa, mi kika so mutane su ce?" Na yi fushi sosai a lokacin. Sai da na girma na fara aiki na gane Inna ba jahilci ke damunta ba, lissafi ta yi wanda ya fi nawa faɗi, ta san idan ta ci gona a kotu ta rasa dangin miji, ranar da ɗayanmu ta yi yaji ko ta haihu ko aka yi rasuwa wa zai tsaya? A ƙauye dangi su ne asibitinki su ne bankinki. Duk wanda ke son yi wa matan karkara aiki bai fahimci wannan ba, zai yi ta shirya taro a otal yana mamakin me ya sa ba sa zuwa kotu.

Na gama digiri, na tafi makarantar horon lauyoyi ta Bagauda a Kano, aka rantsar da mu, na yi bautar ƙasa, na yi aure, na fara aiki a wani ofishin lauyoyi a Birnin Kebbi. A nan na ga irin shari'ar Inna kala kala. Na ga matar da aka ce an ba ta gadonta, ashe 'yan'uwanta maza ne suka yi wa gonar kuɗi da kansu a farashin da suka ga dama suka miƙa mata, kuɗin ya ƙare a bikin 'yarta, su kuma gona tana nan tana haihuwa duk shekara. Na ga wadda ta daure ta kai ƙara, ta ci a ƙaramar kotun shari'a, aka ɗaukaka, aka shekara ana jayayya kan wai shin wannan maganar gado ce ko maganar mallakar fili, domin sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi a kan irin su aure da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi, amma idan rigimar ta zama ta wane ne mai fili zalla sai ace Babbar Kotu za a je. Matar nan kuɗin mota kawai ya gama da ita, ta daina zuwa, aka kori ƙarar.

Namu kuma ba a kotu aka warware ba. Shekara sha bakwai bayan rasuwar babanmu na samu limamin garinmu, wanda ya yi masa sallah, na durƙusa nace Allah gafarta Malam, ba ƙara na kawo ba, tambaya na zo yi, mamacin da ba a raba gadonsa ba shekara sha bakwai, yaya matsayin wanda ke ci daga ciki? Ya yi shiru ya daɗe, sannan yace laifin namu ne mu malamai da munka yi shiru. Shi ya je ya samu hakimi, su biyu suka kira Baffa. Allah ya sa Baffa bai musa ba, da bakinsa yace amana ce, kuma wannan kalma ɗaya da ya faɗa gaban shaidu ita ta tsare mana komai, ina roƙa masa rahama a kanta har gobe. Aka fita da igiya aka auna gonakin nan uku, aka kafa duwatsu, ni kuma na rubuta takarda da Hausa da boko, almajirin liman ya rubuta da ajami, kowa ya sa hannu Inna ta dangwala. Tumuninta muka roƙa a fitar mata a fadama. Ɗan fili ne ba wani babba ba, amma ranar da aka kai ta ta gani, ta tsuguna ta ɗebi ƙasar a hannu ta kasa magana.

Abin bai zo a kyauta ba. Baffa ya shekara uku ba ya amsa gaisuwata, in na durƙusa nace Baffa ina wuni sai ya kau da kai. 'Ya'yansa suka daina shiga gidanmu, a gari ana cewa ga abin da boko ke jawowa, yarinya ta tozarta ubanta. Har yau idan na tuna sai in tambayi kaina ko akwai hanyar da ta fi wannan taushi da ban gani ba. Amma ban taɓa nadamar an raba ba.

Daga nan ne na ji aikin kotu kaɗai bai ishe ni ba, mace ɗaya za ki taimaka a shekara alhali dubu suna gida. Na koma na yi digiri na biyu a Zariya, na samu koyarwa a jami'a, na ɗora na uku ina goyo ina rubutu, maigidana Allah ya saka masa da alheri shi ke kwana da yara idan na tafi ganin mai duba aikina. A lokacin ne na fara cin karo da wannan kalma ta ci gaba mai ɗorewa, wadda wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya yaɗa ta a 1987, ma'anarta dai a biya buƙatar mutanen yau ba tare da an cinye rabon waɗanda za su zo gobe ba. Da farko na ɗauka zancen Turawa ne na kare dazuzzuka da namun daji. Abin da ya faru a Zamfara a 2010 shi ya sa na gane zancen gidanmu ne.

Shekarar ce gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka gano Bagega ma ta kamu. Maza ke haƙo duwatsun zinari a daji, amma a cikin gida ake dakawa ana niƙawa, a tsakar gidan da yaro ke rarrafe yana sa hannu a baki, kuma mata na cikin masu wannan aikin da goyo a bayansu. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne suka fara lura da yawan yaran da ke mutuwa. Muna da dokar ma'adinai ta 2007, muna da sashe na 20 na tsarin mulki da ya ce gwamnati ta kare muhalli, amma duk waɗannan dokoki suna kallon ramin haƙa ne da lasisi da kamfani, babu wadda ta leƙa tsakar gida inda turmi yake. Na ce wa kaina, ashe dokar da aka rubuta ba a tuna da inda mace take zaune ba, ba gado kawai take cinyewa ba, har rai.

Sai na koma na sake karanta Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 da wannan idon. Sashe na farko ya damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna ya riƙe amana, sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin gona a karkara, sashe na 28 ya ce ana iya karɓe fili don amfanin jama'a, na 29 ya yi maganar diyya. Ko'ina babu inda aka ce banda mace, haka ma sashe na 43 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa damar mallakar fili. Amma ranar da za a yi hanya ko madatsar ruwa aka zo ƙidayar masu gona, wa ake tambaya? Mai gari. Sunan wa zai bayar? Wanda yake gani a gonar da fartanya. Matar da ke da kashi a ciki tana cikin gida ba ta ma san an zo ba. A kan wannan na rubuta kundin digirina na uku, kuma kusan duk abin da na rubuta bayansa reshensa ne.

Kalmar jinsi kuwa ta ja min magana ba kaɗan ba. A nan arewa da ka ce jinsi sai a ɗauka an turo ka ne ka raba mata da mazajensu, kuma ban ga laifin mutane gaba ɗaya ba don an sha zuwa da abubuwa a lulluɓe. Da Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudirin daidaita jinsi a watan Maris na 2016, maganar gado na cikin abin da aka fi ta da jijiyar wuya a kai, wani abokin aikina ya tare ni a barandar ofis yace toh Dakta, naku ya faɗi. Nace Malam ni ban taɓa neman a canza rabon da Allah ya yi ba, wanda ya yi ɗin nake nema a miƙa. A ɗaya ɓangaren kuma, a wani taro a ƙasar waje wata farfesa ta matsa min in fito fili ince rabin da ake ba 'ya mace zalunci ne. Nace mata a garinmu matsalar ba rabi ba ce, babu ce, ki bar ni in karɓo wa mace rabin nan a hannunta da takarda tukunna, kuma wannan rabon yana tafe ne da wajibin ciyarwa da aka ɗora wa namiji, wanda shi ma muna bin sa a kotu. Ba ta gamsu ba, ni ma ban sauka ba. Nakan tuna wa ɗalibaina cewa sai a 2014 Kotun Ƙoli, a shari'ar Ukeje, ta soke al'adar da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta a ƙasar Ibo bisa sashe na 42 na tsarin mulki da ya hana nuna wariya, mu kuwa an ba mu wannan haƙƙin sama da shekara 1400, toh me muka yi da shi?

Kuma ba daga waje na koyo wannan aikin ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis, dattawan mata da ke zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu a waƙe su koma su koyar da 'yan'uwansu a cikin gidaje, su ne 'Yan Taru. Ba ta jira mata su zo makaranta ba. Salon da na ara kenan. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata nakan ɗauki ɗalibaina mata biyu ko uku mu tafi wata Islamiyyar matan aure a ƙauye, da izinin liman da mai gari, mu zauna a tabarma. Ba ma cewa jinsi ba ma cewa 'yanci. Muna cewa tumunin takaba, muna cewa a raba gado da wuri kafin shaidu su mutu, idan za ki ba ɗan'uwanki gonarki ya noma ki ba shi amma a faɗa gaban mutum biyu cewa aro ne a rubuta, kada ki yarda a yi wa gonarki kuɗi sai in ke kika so kuma a kira wanda ba shi da rabo a ciki ya yi ƙima. Muna zuwa da ƙwayar masara 24 a leda mu kasa a ƙasa, wallahi tsohuwar da ba ta taɓa riƙe biro ba sai ta gyara wa ɗalibata lissafi.

Wannan fitar ba ta cikin abin da ake ƙirgawa wajen ƙarin girma a jami'a, can muƙala ake so da Turanci a mujallar da babu mai karanta ta a Augie ko Bunza ko Suru, kuma ina rubutawa don aikina ne kuma ta nan ake jin muryarmu a inda ake tsara doka. Amma na daɗe a matsayi ɗaya wasu da muka fara tare suka wuce ni, na sani kuma na zaɓa.

A 2015 abubuwa biyu suka zo kusan tare. A watan Satumba ƙasashen duniya suka amince da muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17 da ake son cimma kafin 2030, na biyar a kan mata yake kuma a ƙarƙashinsa an ambaci mallakar ƙasa da gado ƙarara. A watan Nuwamba kuma Shugaba Buhari ya zo Kebbi ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa lamuni, noman rani ya tashi, ko'ina ƙarar injin ban ruwa, farashin fadama ya haura. A lokacin, kafin ka shiga sai kana cikin ƙungiya, kana da asusun banki, kuma akwai gonar da za ka nuna. Matan da na sani da suka shiga, waɗanda ke da filin da za su ce nasu ne kawai. Ƙanwata ta tsakiya ta shiga da takardar nan tamu, ta haɗa nata da na Inna ta sa aka noma, shekarar Inna ta turara shinkafar gonarta ta kanta karo na farko, ba don sayarwa ba, ta rarraba wa maƙwabta kwano kwano har gidan Baffa. Sannan ambaliyar 2020 ta zo ta shafe dubban hektoci a jihar nan har da tamu, ruwa ya kwanta a kan shinkafa ana saura kaɗan a yanka. Da aka zo rubuta waɗanda suka yi asara, an rubuta sunan Inna da na ƙanwata, matan da ke maƙwabtaka da mu da suka zuba kuɗin adashinsu a gonar da ke hannun 'yan'uwansu ba su shiga lissafi ba.

Ba duka na ci nasara ba. Autarmu ta sayar da nata kason shekara biyu bayan rabo ta ba mijinta jari, jarin ya karye, auren ma daga baya ya mutu, yanzu tana gidana da 'ya'yanta. Haƙƙinta ne ta sayar, na faɗa mata ra'ayina sau ɗaya na yi shiru, amma abin yana ci na. Ga kuma wata sabuwar masifa da littattafan da na karanta ba su shirya ni a kanta ba, matan da 'yan bindiga suka kashe wa maza suka taso daga ƙauyukan Zamfara da yankin Danko Wasagu, suna zaune a kangaye a cikin gari, gonar tana can ba mai iya zuwa, shaidun iyaka wasu sun mutu wasu sun watse. Abin da muke yi yanzu da ɗalibaina shi ne mu zauna da mace ta faɗa mana gonar mijinta daga gabas tana iyaka da wa, daga yamma da wa, wace bishiya ce a ciki, mu rubuta mu nemo mutum biyu 'yan garinsu su sa hannu, ta adana ko Allah zai kawo ranar komawa.

Baffa ya rasu bara. Mun shirya kafin nan, har yakan aiko min da kifi busasshe idan mai zuwa Birni ya samu, duk da bai taɓa ta da maganar gonar ba ni ma ban taɓa ba. Ya bar maza huɗu da mata biyar. Bayan sadakar arba'in da kamar wata biyu, da dare wajen ƙarfe sha ɗaya wayata ta yi ƙara, lambar da ban sani ba, ashe 'yarsa ce ta uku, wadda a shekarun can ko gaisuwata ba ta amsawa. Murya ƙasa ƙasa tace "Yaya, don Allah kada ki gaya ma su Yaya Babba na kira ki, tambaya ɗai za ni yi, cikin fadamar Baba mi an nawa?" Na tambaye ta matan da ya bari da ko akwai bashi ko wasiyya, na yi mata lissafin a bayan wata ambulan da ke kan gado, na faɗa mata, nace idan kin shirya ni zan je wurin liman da kaina ba sai sunanki ya fito ba. Tace bari ta yi shawara za ta kira ni. Wata bakwai kenan, an yi noman rani an girbe, ga damina ta kama, ambulan ɗin tana nan cikin jakata.